Amsa ga ƙanenmu mai ɗaga ƙarfe

Salamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da dare. Ƙanena, tun la'asar na ji muryarka, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce sati ukku kana ɗaga ƙarfe, jiki sai ciwo, damtse bai motsa ba, har wani ya ce ka sayi ƙwayar ƙiba. Don Allah dakata tukuna.

Ka ga tsoka, kamar igiya take, zare ne sirara aka haɗa. In ka ɗora mata nauyin da ba ta saba ba, zaren ya wahala, wani ma ya ɗan tsage yadda ido ba ya gani. Ciwon nan da ke tasowa washegari, ya fi tsanani a kwana na biyu, daga nan yake. Sai jiki ya turo jini wurin, ya kwashe abin da ya lalace, ya ɗinke, ya ƙara kauri kaɗan. To ɗinkin nan ba lokacin da ƙarfe ke hannunka ake yin shi ba. Sai ka aje, awa 24 zuwa 48, galibi kana barci. Kai kuwa ka ce kullum damtse kake duka, ga zaman fada da shayi har ƙarfe biyun dare. Yaushe za a yi ɗinkin? Wurin da ka matsa yau, bar shi sai jibi. Barci kuma awa 7 zuwa 9.

Sai kayan aikin, wato furotin, abin da ke gina jiki a cikin abinci. Mai motsa jiki irinka yana son wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyinshi. In kana kilo 60, kusan giram 96 ke nan a wuni. Ƙwai guda giram 6 ne, ka lissafa. Ɗanyen wake giram 100 yana da sama da 20, gujiya ma haka, balle ƙuli-ƙuli da aka matse mai. Mu a Maraɗi, garin gujiya, mi za mu nema a gwangwani? Hatsi shi kaɗai akwai abin da ya gaza, wake da nono ke cike shi. Shi ya sa fura da nono, ko shinkafa da wake, ba ƙaramin abinci ba ne. Ƴan kokowarmu da shi suka tashi. Ka raba safe, rana, dare, kada ka tara a ci guda.

Ƙwayar nan kuwa, wallahi ita ta sa na yi wannan murya. Da yawa deksametazon ce. Kumatu da ciki take cikawa, ta tara ruwa, ta kuma cinye tsoka, ko rauni ka ji sai ya daɗe bai warke ba. Tramol ma, ɓoye ciwo yake, ka yi ta ɗaga har jijiya ta tsinke ba ka sani ba.

Sati ukku ya yi kaɗan, ƙanena. Ƙarfi ke fara zuwa, kauri sai wajen wata biyu. Amma in ciwo ya wuce sati, ko wuri ya kumbura sosai, ko fitsarinka ya koma kalar shayi, ranar nan ka tafi likita, kada ka kwana da shi.