Ina faffaɗan katako ya tafi?

Sani, ajiye zarton nan ka zauna. Jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa muke haɗa katako uku kafin mu sami fuskar tebur ɗaya, alhali tsohon teburin da aka kawo gyara daga Birni falle guda ne, faɗinsa kusan kamu biyu.

Wancan loko ne, kuma itacen da aka tsago shi ya girmi kakan kakanka. A kurmin kudu yake fitowa, inda ruwan shekara kan kai milimita 2000. Mu nan Damagaram in mun sami 500 sai mu ce damina ta yi albarka. Shi ya sa tun ina yaron shago kamarka ta Kano katako ke zo mana.

Irin waɗannan manyan itatuwa ne suka yi ƙaranci. Laifin farko na zarto ne, ba zan ɓoye maka ba. Mai sara ba ya kallon ƙaramin ice in ga babba tsaye. To amma yanzu manyan da suka tsira wani abu na bin su a tsaye: zafi da fari.

Na san za ka ce ai babba ya fi juriya. Ni ma haka na ɗauka, don da kuka na saba, ita kuwa randa ce, a cikinta take ajiye ruwa. Loko da 'yan'uwansa ba sa ajiya, kullum sai sun jawo. Ice mai tsayin mita 40 ko 50, daga saiwa har ganyen ƙoli, ta wasu siraran hanyoyi ruwa ke hawa, waɗannan ƙananan hudojin da kake gani a bakin katako in mun yanke shi. Ka lura da masu sayar da fetur a bakin titi suna zuƙo mai da tiyo? Da iska ta shiga, mai ya yanke. Haka ne a jikin icen. Ƙasa ta bushe, rana na dukan ƙolinsa don babu mai yi masa inuwa, yana ta ja har iska ta shiga hanyar. Sai ya fara bushewa daga sama, ƙananan da ke ƙarƙashinsa kuwa suna shan inuwa lafiya lau.

An gwada abin a Barazil, a dajin Amazon. Masana suka shimfiɗa rumfunan roba a wani yanki, suka tare kusan rabin ruwan sama shekara da shekaru, kuma manyan itatuwa ne suka fi mutuwa. Dajin ya sha fari na gaske a 2005 da 2010, a 2023 kuma kogin da ke birnin Manawus ya janye fiye da yadda aka taɓa aunawa cikin shekara sama da 100. Ga tsawa, wadda dogo take fara samu.

Kada ka ce to sai a tsaga matattun. Icen da ya mutu a tsaye ƙwari sun riga ka, ciki duk rami da tsaguwa.

Na ga farin 1984 da idona, na ga yadda gonaki suka zama fili. Gawo ya dawo a Matamaye da Magarya cikin shekara 20 zuwa 30, don manoma sun bar toho ya tashi. Loko mai kamu biyu ba ya dawowa da wannan sauri, ko jikanka ba zai tsaga shi ba.

Tashi ka ɗauko gam. Dubi bakin kowane katako, ka ga layukan nan masu lanƙwasa? Na tsakiya ka kife shi, nasa su kalli ƙasa, na gefe biyu su kalli sama. In duk suka kalli gefe ɗaya, hunturu na shigowa teburin zai banƙare, mai shi ya dawo mana da shi a kan amalanke.