Katakon daɓen ɗakina yana lanƙwashewa, alhali ban zubar da ruwa ba

Tambaya: Tun da damina ta kankama, allunan katakon da aka shimfiɗa mini a falo suka fara lotsawa a tsakiya, gefunansu kuma suka ɗaga. Ban taɓa barin ruwa ya kwanta a kansu ba. Kafinta ya ce a bi su da samfefa su daidaita. Shin in amince?

Amsa: Malam, ka dakata tukuna, domin samfefa a wannan hali za ta ƙara ɓarna ne. Katako, ko bayan an sare shi an busar, bai daina shan danshi daga iska yana mayarwa ba: idan ya sha sai ya kumbura, idan ya bushe sai ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi fiye da ta tsawonsa. Lotsawar da ka bayyana alama ce ta cewa ƙasan allunan ya fi samansu jiƙa. Idan aka kankare gefunan yanzu, ranar da katakon ya bushe ya koma daidai, tsakiyarsa ce za ta yi tozo, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa.

Abin da nake so ka fara yi shi ne awo. Ka nemi ƙaramar na'urar auna danshin iska, wadda ake kira higromita, ka ajiye ta a falon nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki, kana rubuta abin da ta nuna safe da yamma. Ƙungiyar masu sana'ar daɓen katako ta Amurka tana ba da shawarar danshin iskar ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, zafinsa kuma tsakanin digiri 16 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya daɗe sama da kashi 60, ban da kumburin katako, fumfuna ma tana samun wurin zama. Sannan a auna katakon kansa da na'ura mai allurai biyu da ake cakawa a jikinsa. A ɗakin da danshin iskarsa yake daidai da waccan shawara, danshin katako kan kasance tsakanin kashi 6 zuwa 9.

In iskar ce danshinta ya yi yawa, na'urar tsotse danshi ko ta sanyaya ɗaki za ta sauke ta. Amma idan higromita ta nuna iskar ƙalau take, to laimar daga ƙasa take tasowa, kuma nan ne na fi zargi a lamarinka. A duba ko wani bututu yana yoyo, a kuma gwada simintin da ke ƙarƙashin katakon: inda za a iya ɗaga allo, a manna leda mai faɗi da tsawon santimita 45 a kan simintin, a liƙe gefunanta da salatif, a bar ta awa 16. In aka ɗaga aka ga raɓa a jikin ledar, ko wurin ya yi duhu, simintin yana fitar da danshi.

Bayan an toshe tushen laimar, a bar katakon ya bushe a hankali, ko da zai ɗauki watanni, don sau da yawa lotsawar da ba ta yi tsanani ba takan ragu da kanta. Sai awo ya nuna danshinsa ya daina sauka ne za a yi maganar samfefa. Kafin nan, tsumman goge ɗakin ya zama matsattse sosai.