Ragowar tuwo da awon mai gida: me ya halatta mace ta bayar?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a wani ƙauye da ke ƙasar Taura a jihar Jigawa. Mu biyu ne a wurin mai gida, yaranmu tara, ga mahaifiyarsa kuma tana zaune tare da mu. Shi yake fito da dawa daga rumbu, mu sussuka mu zuba a buhu, ya kuma ce kwano biyu za a riƙa ɗiba kullum. Ranar girkina tuwo yakan ragu, da safe in yi wa yara ɗumame, abin da ya saura in bai wa almajirai da wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ba ta da kowa. Nakan kuma ƙara kamar rabin kwano a kan awon don kada tsohuwar ta rasa. To kwanan baya na ji wani malami a wurin wa'azi yana cewa duk macen da ta fitar da ko loma ɗaya daga gidan mijinta ba tare da ya ce ta bayar ba, ta ci amana, zunubi take kwasa. Abokiyar zamana kuma ta ce ai ragowa ba ta da lada, gara a zuba wa awaki. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Mene ne hukuncin abin da nake yi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan tsohuwar nan, kuma ki kwantar da hankalinki. Yawancin abin da kike yi lada kike samu a kansa, mai gidanki ma yana samu. Sai dai akwai magana ɗaya da kika faɗa a wucewa, alhali a kanta hukuncin ya rataya, wato rabin kwanon nan.

Tuwon da aka tuƙa bisa awon da mai gida ya yanke, kowa ya ci ya ƙoshi, sannan malmala biyu ko uku suka kwana, wannan shi ne ragowa. In ba a bayar ba lalacewa zai yi. Rabin kwanon da kike ƙarawa kuwa hatsi ne daga ajiyar gida, wanda da an bar shi a buhu zai yi watanni lafiya lau. Kin dafa shi ne da niyyar ya ragu, kuma shigarsa tukunya bai sauya masa hukunci ba. Mijinki ya faɗi adadi da bakinsa, wanda ya ce biyu kuwa ya hana biyu da rabi ke nan. Ki yi lissafin da kanki. Ku biyu ne, kwana 15 ke gare ki na girki a wata. Rabin kwano sau 15, kwano bakwai da rabi sun tafi, abincin gidanku na kusan kwana huɗu. Shi kuma lokacin da yake jera dammuna a rumbu da kaka, ƙirgawa ya yi su kai ku har sabon gero ya nuna. In rumbu ya ƙare a tsakiyar marka, akuya zai ja zuwa kasuwar Gujungu ya sayar, ya auno hatsi a lokacin da ya fi tsada, yana mamakin inda lissafinsa ya kuskure.

Don haka ki dakatar da ƙarin daga yau. Ki sami lokacin da ya ci abinci ya natsu, ki gaya masa abin da kika yi da dalilin yinsa, ki nemi ya yafe na baya. In ya yafe, magana ta wuce, in ya ce ki ci gaba, alhamdu lillahi. In kuwa ya ce gida ba zai ɗauka ba, to ki ciyar da ita daga naki: rabonki na tuwo, kuɗin ƙuli-ƙulinki, ƙwan kajinki, amfanin gayaunarki in kina da ita. Wannan dukiyarki ce, kuma a mazhabar Imam Malik sai kyautar mace ta haura sulusin dukiyarta miji yake da ta cewa.

Maganar malamin da kika ji ita nake so in tsaya a kai, domin ta yaɗu, kuma na ga ɓarnar da take yi a gidaje. Ba da ka ya faɗa ba. Akwai hadisin Abu Umama a wurin Tirmizi da Abu Dawud, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a huɗubarsa ta shekarar hajjin ban kwana kada mace ta ciyar da komai daga gidan mijinta sai da izininsa. Aka ce ko da abinci ne? Ya ce ai shi ne mafificin dukiyarmu. Hadisin yana nan, ba ma musunsa. Kuskuren shi ne a ɗauke shi shi kaɗai, a kuma fassara izini da cewa sai miji ya buɗe baki a kan kowace malmala.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa idan mace ta ciyar daga abincin gidanta ba tare da ɓarna ba, tana da ladan abin da ta ciyar, mijinta yana da ladan abin da ya nemo. Sharaɗin da aka ambata a nan rashin ɓarna ne. Nana Asma'u 'yar Abubakar ta zo wurin Annabi ta ce ba ta da komai sai abin da mijinta Zubairu ya shigo mata da shi, ko da laifi in ta ɗan bayar daga ciki? Aka ce mata ta bayar gwargwadon ikonta, kada ta ƙulle hannu Allah ya ƙulle mata. Ba a ce ta koma ta tambayi Zubairu kullum safiya ba. Abu Dawud kuma ya kawo cewa wata mata ta tambayi abin da ya halatta ga mata daga dukiyar iyayensu da mazajensu, aka ce mata ɗanyen abu, ku ci ku bayar, shi Abu Dawud ɗin ya fassara shi da irin gurasa da ganye da ɗanyen dabino, wato abin da ba ya ajiyuwa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, shi ya sa ban dogara da shi shi kaɗai ba, amma ma'anarsa ta dace da na farkon.

Imam Nawawi a sharhin Muslim ya haɗa waɗannan hadisai da cewa izini iri biyu ne: wanda aka furta, da wanda aka fahimta daga al'adar da mutane suka saba a kai, kamar ba mai bara ɗan gutsuren abinci. To mece ce al'adarmu? Mai gida yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida bayan magariba, almajiri ya tsaya a zaure yana cewa ko ɗan ƙanzo Iya, yaro ya fito masa da tuwo a ƙoƙo, ya wuce ta gabansa, mai gida ko ɗaga kai bai yi ba. Shekara nawa ana haka a gidanku? Shirun nan nasa izini ne. In aka bi maganar malamin nan yadda ya faɗe ta, macen da ta miƙa wa maƙwabciya ɗan gishiri ko daddawa ta katanga ta zama maciyiyar amana, wadda ta damawa baƙo fura mai gida yana gona ita ma haka. Babu wanda ya san gidajen Musulmi da zai yarda da wannan. Sakamakon da nake gani shi ne mata masu tsoron Allah suna barin tuwo ya ruɓe su zubar a kwata saboda gudun zunubi, alhali a zubarwar almubazzarancin yake. Kalmar cin amana tana da nauyi, bai kamata a jefi matan da suke ciyar da mayunwata da ita ba. Inda hadisin Abu Umama yake aiki shi ne inda miji ya hana ƙarara, ko aka san ba zai yarda ba, ko abin ya yi yawan da al'ada ba ta yafewa. Rabin kwanonki a nan ya faɗa, ɗumamenki bai faɗa ba.

Maganar abokiyar zamanki kuwa ba daidai ba ce. Ayar Baƙara ta 267 da ta hana zaɓen mummuna a yi sadaka da shi ta sa ma'auni a cikinta: abin da ke kanki ba za ki karɓa ba sai kin runtse ido. Tuwon da ɗanki ya ci da safe ai ba mummuna ba ne. An kuma ce wa matan Musulmi kada maƙwabciya ta raina abin da za ta bai wa maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne.

Amma ki kula da wannan ma'aunin sosai, domin ni ma na riƙe ƙoƙon bara a tsangaya, na san yunwar da take sa yaro ya ci abin da hancinsa ya ƙi. Har yau ina yi wa wata mata addu'a, wadda ba ta taɓa zuba mini tuwo ba sai ta ɗumama miyar ta sa ɗan mai. Akwai kuma gidajen da ake haɗa suɗin yara da ƙasa a ciki a juye mana. Abincin da ya fara yauƙi, ko wari ya canza, ko fumfuna ta fito masa, haramun ne ki miƙa wa ɗan wani, cutarwa ce ba sadaka ba. Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a wajajenku, abin da aka sauke da daddare yana iya juyawa kafin hantsi. Shinkafa ta fi tuwo haɗari, domin likitoci sun tabbatar cewa in ta daɗe a ajiye cikin ɗumi tana haifar da gubar da ɗumamawa ba ta kashewa, ga shi ba lallai ta yi wari ba. Wadda ta kwana a zafi, kada ki ba yaro, naki ko na wani. Miya kuwa ki tafasa ta kafin ki kwanta, ki sake tafasawa da safe. Ki rufe komai da faifai ko murfi, rufe kwano da dare umarnin Annabi ne, ya fi zama dole da damina lokacin ƙuda da amai da gudawa. Wanda ya ɗan yi tsami a zuba wa kaji da awaki, ciyar da su ma da lada. Wanda ya ruɓe a binne a juji ya zama taki. Kwata da masai ba wurin abinci ba ne.

Sannan ga shawara da ba ki nema ba. Kwano biyun nan ba kullum gidanku yake cinye shi ba, shi ya sa yake raguwa. Ranar Lahadi in mai gida ya tafi Gujungu a can yake cin na rana. Ranar suna ko biki a unguwa yara a can suke ƙoshi. Da azumi tuwon dare kaɗan ake taɓawa. Ki lura da irin waɗannan ranaku ki rage awo, abin da kika rage ki tara a ƙwarya daban, ƙarshen wata ki nuna wa mai gida ki ce ga abin da na yi tsiminsa, ka ba ni izini in kai wa tsohuwa. Da wuya ya ƙi, domin bai fita daga lissafinsa ba, ita kuma ɗanyen hatsi ya fi mata amfani, ta dama kunu lokacin da take so. Ƙanzo kada ki bari a jiƙa tukunya da shi a zubar. Ki kankare, ki shanya a kan faifai ya bushe ƙayau, ki adana. Ranar da cefane ya yi wuya sai a jiƙa shi a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, abincin rana ya samu. Tuwon da ya ragu da yawa ma ana yanka shi falle-falle a shanya haka nan.

Kafin abinci ya fita waje, ki tabbata surukarki ta ci wanda yake da laushi da ɗumi, haƙƙinta yana gaba da na maƙwabciya. Ragowar ranar abokiyar zamanki kuma kada ki taɓa sai ta ce, ita ta tuƙa, ita za ta raba. Kada kuma ki mayar mata da amsar nan a matsayin kin ci gardama. Na sha ganin rumbun da gasar kishiyoyi ta cinye, kowace tana cika tukunya don a ce girkinta ya fi albarka.

In mai gidanki zai ji wannan, ina tuna masa cewa tsohuwar nan ba nauyin matarsa ba ce ita kaɗai. In dawar da ya noma ta kai nisabi, wato sa'i 300, zakka ta hau kansa, dami ɗaya cikin goma tunda ruwan sama ne ya shayar. Maƙwabciyar da ba ta da kowa tana cikin waɗanda suka fi cancanta. Ya ware mata nata tun ranar da ake ɗaura dammuna, kafin su shiga rumbu.

Allah ne mafi sani.