Kansar tumbi: abin da shekarun majiyyaci ke canzawa da abin da ba sa canzawa

(An rubuto wannan ne daga muryar da likitan tiyata na guruf ɗinmu ya turo, saboda waɗanda ba su samu damar saurara ba. Wata 'yar'uwa ce ta yi tambaya: an gano kansar tumbi a jikin ƙaninta mai shekara 34, kuma a ɗakin da aka kwantar da shi akwai wani dattijo mai shekara 76 da irin ciwon. Masu zuwa dubiya na ce mata yaron zai tashi tunda da sauran ƙarfinsa, dattijon kuwa gara a kai shi gida kada a wahalar da shi. Shin haka ne?)

Murya ta farko

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na ji saƙonki, Allah ya ba ƙaninki lafiya, ya sa kaffara ne. Ban ga takardunsa ba, don haka bayanin da zan yi na gaba ɗaya ne, likitocin da ke kansa su ne masu yanke hukunci. Amma maganar masu dubiyar nan, ta ɓangaren yaron da ta ɓangaren dattijon, duk akwai gyara.

Kin ga kansar tumbi asali ciwon manya ne. A Amurka, cikin mutum 10 da ake gano wa ita kusan 6 sun kai shekara 65 ko sun wuce. 'Yan ƙasa da 40 ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. To amma idan ta zo wa matashi, yawanci ba irin wadda ke zuwa wa tsoho ba ce. Tun 1965 wani likita ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauren ya raba ta gida biyu bisa yadda take a ƙarƙashin madubin likita, kuma har yau da wannan rabon muke aiki.

Ta farko ita ce mai dunƙulewa. Tana yin ƙari ko gyambo a wuri ɗaya, mai iyaka, galibi a ƙasan tumbi kusa da mafitarsa zuwa hanji. Ita ce ta dattawa, kuma maza sun ninka mata wajen kamuwa da ita. Ba ta zuwa dare ɗaya. Ƙwayar cutar nan Helikobakta failori tana shiga tumbi tun mutum na yaro, ta sa kumburi shekara da shekaru, fatar cikin tumbin ta yi siriri, ta rikiɗe ta koma kamar ta hanji, sannan daga baya ta lalace ta zama kansa. Tafiyar na iya cin shekara 30 ko 40. Gishiri mai yawa, abincin da aka kyafe ko aka adana da gishiri, da taba sigari, suna ƙara mata gudu. Idan ta tashi bazuwa ta fi bin jini ta sauka a hanta.

Ta biyu ita ce mai malala, kuma a kanta zan tsaya, don ita ce ta fi yawa a matasa. Ƙwayoyinta ba sa manne da juna, ɗaiɗai suke kutsawa cikin bangon tumbi ta ƙarƙashin fatar sama. Shi ya sa mai endoskofi, wato na'urar da ake zurawa ta baki a leƙa ciki, zai iya dubawa ya ga fata lumui ba gyambo, alhali ciwon na ƙasa. Abin da gogaggen mai dubawa ke lura da shi shi ne tumbin ya ƙi buɗewa idan an hura masa iska. Idan ta ci gaba bangon ya yi kauri ya sandare kamar tandu, mutum ya ci loma uku ya ji ya cika. Wannan nau'in mata suna kamuwa da shi daidai da maza, a 'yan ƙasa da 40 ma sau da yawa matan sun fi yawa. Hanyar bazuwarta kuma daban ce: tana ɓulla bangon ta warwatsu a tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, ruwa ya taru a cikin, a mata kuma ta kan sauka a ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Akwai matan da sai an buɗe su don cire ƙari a mara ake gane cewa daga tumbi ya taso.

Yanzu batun wa zai fi daɗewa. Abin da ya fi komai nauyi shi ne matakin da aka kama ciwon. A ƙididdigar Amurka, idan bai fita daga tumbi ba, kusan mutum 75 cikin 100 na kaiwa shekara 5. Idan ya kai kaluluwar da ke kewaye, kusan 35. Idan ya yi nisa, kusan 7. Koriya ta Kudu na yi wa duk wanda ya kai 40 endoskofi duk shekara 2, shi ya sa a can sama da kashi 70 ke wuce shekara 5, don da wuri suke kamawa. Idan aka jera matashi da tsoho a mataki ɗaya, matashin yana yin daidai da tsohon ko ya fi shi, domin yana jure tiyata da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa. Matsalar ita ce ba kasafai ake samunsa a mataki ɗaya da tsohon ba. A makare yake zuwa.

Dalilin makarar kuma mun san shi. Ɗan shekara 30 ya ce zuciyarsa na ƙuna, kowa zai ce olsa ce. A je kyamis a sayo omifirazol, ya ji sauƙi, ya yi wata shida a haka. Maganin nan na rage zafin, har yana iya sa bakin gyambon kansa ya rufe a ido, ciwon kuwa na ci. Mace mai juna biyu kuma a ce laulayi ne, ko da aman ya wuce wata biyar tana ramewa. Ka'idojin Ingila da Amurka sun sa shekara 55 ko 60 a matsayin inda ake tura mai ciwon ciki endoskofi kai tsaye, amma ni a ganina kada wannan lambar ta hana kowa idan akwai ɗaya daga cikin alamun nan: rama ba dalili, ƙoshi da wuri, amai mai dawowa, abinci na tsayawa a ƙirji, kashi baƙi wuluk, ƙarancin jini da ba a san mafarinsa ba, ƙullutu a ramin da ke saman ƙashin wuya na hagu ko a cibiya. Mai irin wannan, ko shekararsa 25, a leƙa cikinsa.

Murya ta biyu

Afuwan, ta yanke. Hajiya, ga abin da za ku bincika a kan ƙaninki.

Ku karɓi takardar sakamakon naman da aka gutsuro, a karanta muku wane nau'i ne cikin biyun. A ka'ida gutsure 6 zuwa 8 ake ɗauka daga gefen gyambon, ba daga tsakiyarsa ba, don tsakiyar mataccen nama ne. A nau'i mai malala ana iya samun sakamakon farko ya ce ba komai, to idan alamu sun nuna akwai, a maimaita a ɗebo da zurfi.

Hoton siti (CT scan), mai nuna cikin jiki yanka-yanka, na ƙirji da ciki dole ne, amma ba ya ganin ƙananan ɗigon da ke kan tantanin ciki. Saboda haka kafin babbar tiyata ana huda ciki a zura kyamara a duba, a zuba ruwa a wanke a kai ruwan gwaji. Tsallake wannan matakin ne ke sa a buɗe matashi a tarar ciwon ya warwatsu, a rufe shi ba a cire komai ba, ya ɓata makonni yana jinyar ɗinki maimakon ya fara kemo.

Idan bai warwatsu ba, tsarin da aka fi bi ga mai ƙarfi shi ne kemo kafin tiyata da bayanta. Akwai haɗin magani huɗu da ake kira FLOT: zagaye 4 kafin, zagaye 4 bayan, duk mako 2. A binciken Jamus da aka wallafa a 2019, matsakaicin rayuwar waɗanda suka samu shi wata 50 ne, na tsohon haɗin wata 35. Yana da ƙarfi fa, ko a binciken kusan rabi ne suka iya kammala duka zagayen. Kuma tun kafin allurar farko a yi maganar haihuwa, domin kemo na iya taɓa maniyyi da ƙwan mace. Bayan an fara lokacin ya wuce.

Wajen yanka, nau'i mai malala na buƙatar a bar tazara mai faɗi daga inda ido ke ganin ciwon, santimita 5 ko fiye, shi ya sa sau da yawa tumbin gaba ɗaya ake cirewa a haɗa bututun abinci da hanji. A kwashe kaluluwa kuma, a ƙirga aƙalla 16 a ɗakin gwaji, in ba haka ba matakin da za a rubuta ba abin dogaro ba ne. Wanda aka cire wa tumbi duka zai riƙa karɓar allurar bitamin B12 har ƙarshen rayuwa, ya ci abinci kaɗan-kaɗan sau 6 ko fiye a yini, kada ya haɗa ci da shan ruwa lokaci ɗaya, ya rage zaƙi, don yana jawo jiri da gumi da gudawa jim kaɗan bayan ci.

Sai batun gado, wanda ya shafe ki ke kanki. Kashi 1 zuwa 3 ne kawai na kansar tumbi ke zuwa ta gado kai tsaye, amma a matasa suka taru. A 1998 aka gano lalacewar wata ƙwayar gado mai suna CDH1 a wasu iyalan Mawori na ƙasar Niyu Zilan. Ka'idar yanzu ita ce duk wanda aka samu da nau'i mai malala yana ƙasa da 50 a yi masa gwajin. Idan yana ɗauke da ita, kowane ɗa nasa da kowane shaƙiƙinsa na da rabin yiwuwar ɗauka, matan kuma tana ƙara musu haɗarin wani nau'in kansar mama. Ba kowane asibiti ke yin gwajin ba kuma da tsada, amma ku zauna ku tuna: a dangin uwa da na uba, wa ya rasu da ciwon ciki yana matashi? Ku faɗa wa likita.

Murya ta uku

Dattijon nan kuma, da duk mai tsoho a gida. Shekara 76 kaɗai ba hujjar sallama ba ce. Sau da yawa ma ciwonsa ya fi sauƙin cirewa, tunda a dunƙule yake a ƙasan tumbi, a yanke kashi biyu bisa uku ko fiye kaɗan a bar masa saura. Idan ƙarami ne, bai wuce santimita 2 ba kuma bai nutse ba, a inda ake da kayan aiki ta endoskofi ma ake feɗe shi ba a buɗe ciki ba. Sai dai a duba tumbin tsoho lungu-lungu, don ya fi na matashi yawan samun ciwo biyu a wuri daban-daban.

Abin da muke aunawa shi ne ƙarfin jiki. Yana zuwa masallaci da ƙafarsa? Yana wanka da kansa? Zai hau bene hawa ɗaya bai tsaya ba? Ya zuciya, ya ƙoda, ya suga? Akwai mai 78 da ya fi mai 62 cancantar tiyata. Abin da ke kashe tsoho bayan aiki sau da yawa ba kansar ba ce: ciwon huhu ne, ko ɗinkin haɗin ya yi yoyo wajen kwana na 5 zuwa 7, ko gudan jini a ƙafa ya tafi huhu. Kuma yoyon a tsoho ba lallai ya zo da zazzaɓi ba, wani sa'in ruɗewa kawai za a gani da bugun zuciya da sauri, 'yan'uwa su ce tsufa ne ko maganin barci. A kira likita nan take. Idan ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6, a ciyar da shi sosai kwana 7 zuwa 14 kafin a shiga da shi. Mai shan taba ya bari mako 4 kafin. Washegarin tiyata a tashe shi zaune, a taka da shi, ko yana ƙi.

Kemo kuma ba sai an ba shi cikakken awo ba. A Birtaniya an yi bincike kan tsofaffi da raunana 514 masu ciwon da ya yi nisa, aka wallafa a 2021. An ba wasu cikakken awon magunguna biyu, okzalifilatin da kafesitabin, wasu kashi 80, wasu kashi 60. 'Yan kashi 60 ciwonsu ya tsaya kusan daidai da na sauran, kuma sun fi samun sauƙin jiki. Kafesitabin ta ƙoda yake fita, to a lissafa aikin ƙoda kafin a rubuta: idan awon yadda ƙoda ke tace jini ya sauka tsakanin 30 da 50 a rage, ƙasa da 30 ba a bayarwa. Mai suga da ƙafarsa ta riga ta fara mutuwa, okzalifilatin zai ƙara masa. A kuma nemi gwajin HER2, wani sinadari da ke jikin ƙwayoyin wasu kansoshi, a naman, domin nau'in dattawa ya fi nuna shi, kuma akwai maganin da aka yi dominsa, tirastuzumab, sai dai ana duba ƙarfin zuciya kafin a fara da duk wata 3.

Hajiya, ke da sauran 'yan ɗakinku ku je a gwada ku Helikobakta, ta kashi ko ta numfashi. Gwajin jini ba ya bambance tsohon kamu da sabo. Ku ajiye omifirazol mako 2 da duk wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mako 4 kafin gwajin, in ba haka ba zai nuna babu alhali akwai. Wanda aka samu da ita ya sha haɗin maganin kwana 14 cur, kada ya tsaya a kwana na biyar don bakinsa na ɗaci, sannan a sake gwadawa bayan aƙalla mako 4 a tabbatar ta mutu. Idan kin samu takardar naman da ta hoton, ki turo min ta gefe, kada ki saka a guruf. Wassalam.