Ƙoda, mafitsara da jinjirin ɓera

Wata ɗaliba mai karatun likitan dabbobi ta rubuto daga Zariya. Ta ce an koya musu yadda ƙodar 'ya'yan ɓera take girma, ta so ta bayyana wa kakarta da Hausa, sai kalmomi suka kakare mata. Tana tambaya: mafitsara ce take haɗa fitsari, ko ƙoda?

'Yata, tsarin kalmar kansa ya ba ki amsa. Mafitsara sunan wuri ne, an gina ta da "ma-" a gaba da "-a" a ƙarshe, kamar makaranta, majema, mahauta. Ma'ajiya ce kawai. Mai tace jini ta haɗa fitsari ita ce ƙoda, jam'inta ƙodoji. 

Ƙananan abubuwan da suke tacewa a cikin ƙoda kuwa, ni na fi son a ce musu matatai, daga mataci, irin wanda kakarki take tace gasara da shi. Za ta gane nan take. Ɗan Adam yana gama ƙera matatansa tun yana ciki, wajen mako na 36, kuma ba ya ƙara ko ɗaya bayan nan. Ɓeran gida ba haka ba. Cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne kacal, don haka ana haihuwarsa ƙodar ba ta kammala ba, sai ta ci gaba da fitar da sababbin matatai na 'yan kwanaki a cikin sheƙa. Shi ya sa masu bincike suke duba jinjirin ɓera don su fahimci ƙodar bakwaini. Siraran hanyoyi biyun da suke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, ki kira su magudanai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, jinjirin ɓera ba ya iya fitsari da kansa. Sai uwar ta lashi ƙasan cikinsa mafitsarar take sakewa, haka za ta yi ta yi har wajen mako biyu zuwa uku. Mun saba jin ɓera a karin magana a matsayin ɓarawo, "in ɓera da sata, daddawa ma da wari", ba mu cika tuna cewa uwa ce mai raino ba.

Wani malami daga Sakkwato ya tambaya ko kusu da jaba duk ɓera ne. Kusu dai shi ne ɓera a bakin Sakkwatawa. Gafiya da kurege danginsa ne, masu haƙoran gaba na gwaguya. Jaba kam ba ta cikinsu, ƙwari take ci.

'Yata, ki kuma lura, a gaban manya "bawali" ake cewa, aro daga Larabci. Amma ga dabba, fitsari dai za ki ce.