Kun Tambaya, Mun Amsa: Asalin Sunan Müller da Dalilin Yawansa a Jamus

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara basira. Gardama ce ta kaure a fadarmu ta shan shayi a unguwar Birni, nan Damagaram, a kan ɗan ƙwallon Jamus Thomas Müller. Wasu sun ce ɗan Gerd Müller ne, wanda ya yi tashe zamanin iyayenmu, wasu kuma sun ce jikansa ne, tunda sunansu ɗaya kuma dukansu Bayern Munich suka yi wa wasa. Don Allah a raba mana gardama, a kuma gaya mana asalin sunan da ma'anarsa, da dalilin da ya sa muke yawan jin sa. Daga mai karatu a Zinder.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, kuma ina gaida mutanen fada baki ɗaya. Thomas Müller ba ɗan Gerd Müller ba ne, ba kuma jikansa ba ne. An haifi Gerd a garin Nördlingen a 1945, ya rasu a 2021, shi kuwa Thomas an haife shi a 1989, ya tashi a wani ƙauye mai suna Pähl a kudancin Munich. Ban ga laifin waɗanda suka ɗauka jini ɗaya ne ba, domin kamannin sun yi yawa: kowannensu ya sa riga mai lamba 13 a gasar cin kofin duniya, Gerd ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 1970 da ƙwallaye 10, Thomas ya karɓi wannan kyautar a 2010 da ƙwallaye 5, sannan Gerd yana cikin masu horar da ƙungiyar Bayern ta biyu lokacin da Thomas yake tasowa a cikinta. Dangantakarsu ta malami da ɗalibi ce.

Ma'anar Müller ita ce mai niƙa, wato mutumin da ke riƙe da gidan niƙan hatsi. Kalmar ta shiga Jamusanci ne daga harshen Latin na Rumawa, inda ake kiran mai wannan sana'a molinarius. Tun asali Jamusawa suna ɗaya kowa yake da shi. Daga ƙarni na 12, da birane suka bunƙasa, kuma aka fara rubuta masu biyan haraji da masu gidaje da masu bashi, sai ya zama a gari ɗaya akwai masu suna Hans ko Heinrich barkatai, dole magatakarda ya ƙara wani abu da zai bambanta su. Wani a jingina shi ga ubansa, wani ga garin da ya fito, wani ga siffar jikinsa, wani kuma ga sana'arsa. Sannu a hankali laƙabin ya manne wa gida, ɗa ya gaje shi ko da bai taɓa yin sana'ar ba. Abin ya faro daga biranen kudu da yamma, ya ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya game ƙauyuka da arewacin ƙasar.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne matsayin gidan niƙa a rayuwarsu ta wancan zamani. Burodi ne abincin Jamusawa na yau da kullum, daga alkama da wani hatsi ɗan'uwanta mai jure sanyi, kuma ba a yin burodi sai da gari. Ƙasar tana da ƙoramu masu gudu rani da damina, don haka sai a gina ɗakin niƙa a bakin ruwa, a kafa wata babbar ƙafa ta katako wadda ruwa ke juyawa, ita kuma ta juya faffaɗan dutse a kan wani dutsen, hatsi yana zuba ta sama, gari yana fita ta gefe. A arewa, inda ƙasa take shimfiɗe, iska ce take yin wannan aikin a wurare da yawa. Gina irin wannan wuri ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa galibi mallakar masu sarauta ne ko gidajen ibada na Kirista, su kuma su damƙa shi a hannun mai niƙa. Akwai ma doka da ta tilasta wa manoman kowane yanki kai hatsinsu gidan niƙan ubangidansu kaɗai, kuma ba a soke ta a Prussia, babbar masarautar Jamusawa ta wancan lokaci, ba sai a 1810. Ladan mai niƙa wani kaso ne da yake ɗiba daga hatsin da aka kawo, kuma da yake manomi ba ya ganin abin da ke faruwa tsakanin buhun da ya kawo da garin da ya karɓa, zargin tauye mudu ya daɗe yana bin masu wannan sana'a, har a wasu garuruwa ana hana ƴaƴansu shiga ƙungiyoyin masu sana'ar hannu. A ganina zargin bai rasa nasaba da haushin dokar da ta hana manomi zaɓi.

Daga nan dalilin yawan sunan ya fito fili. A wancan zamani kusan kowane ƙauye yana da mai niƙa, kuma yawanci shi kaɗai ne, saboda haka da an ce mai niƙa kowa ya san wanda ake nufi. Manoma sun fi masu niƙa yawa nesa ba kusa ba, amma sunan Bauer, wato manomi, yana bayan Müller a jerin sunaye, domin a ƙauyen da kowa manomi ne, kiran mutum manomi ba ya bambanta shi da kowa. Ke nan dubban gidaje ne a dubban ƙauyuka suka ɗauki sunan kowanne da kansa, ba tare da sun san juna ba, kuma babu wani kaka guda da dukan masu sunan suke komawa gare shi.

Mu ma a ƙasar Hausa mun san kiran mutum da sana'arsa, a ce wane maƙeri, wane majemi, wane baduku, kuma Damagaram da ta yi suna a aikin fata ba baƙuwar wannan ba ce. Sai dai a wurinmu laƙabin bai zama sunan gado na takarda ba, domin a Nijar abin da aka saba rubutawa shi ne sunan yaro da sunan mahaifinsa, sai sunan baya ya riƙa sauyawa daga tsara zuwa tsara. Wanda ya tashi da wannan al'ada, in ya ga mutum biyu da sunan baya iri ɗaya, tunaninsa na farko shi ne uba ɗaya suka haɗa. Haka kuma niƙa da daka a wurinmu aikin cikin gida ne na mata, da turmi da dutsen niƙa, har zuwa bayyanar injin niƙa, don haka ba ta zama sana'ar gado da ake kiran zuriya da ita ba.

A yau Müller ne sunan iyali da ya fi yawa a Jamus, inda ake ƙiyasin masu shi sun kai kimanin 700,000, kuma shi ne kan gaba a Suwizalan. Masu bi masa su ma na sana'a ne: Schmidt maƙeri, Schneider maɗinki, Fischer masunci, Weber masaƙi. Amma in aka haɗa Schmidt da sauran rubuce-rubucensa, irin su Schmitt da Schmid da Schmitz, maƙera sun fi masu niƙa yawa. Shi ma Müller yana da nasa rassan, domin a arewa ana cewa Möller, a wasu sassan kudu Miller, kuma inda ƙauye yake da gidan niƙa fiye da ɗaya aka samu Obermüller, mai niƙa na sama, da Neumüller, sabon mai niƙa. Waɗannan bambance-bambance sun tabbata ne bayan da hukuma ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a faɗin Jamus daga 1876, aka daina rubuta suna yadda kunnen magatakarda ya ji.

Ƙaura ta kai sunan ƙasashe da dama. Herta Müller, wadda ta samu kyautar Nobel ta adabi a 2009, a Romaniya aka haife ta cikin al'ummar Jamusawan can. Paul Müller, wanda ya samu kyautar Nobel a 1948 saboda gano ƙarfin maganin DDT wajen kashe ƙwari irin su sauro, ɗan Suwizalan ne. A Amurka, inda ba a amfani da harafin ü mai ɗigo biyu, wasu iyalai sun mayar da shi Mueller, kamar Robert Mueller da ya shugabanci hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, daga 2001 zuwa 2013, wasu kuma suka koma Miller gaba ɗaya, suka saje da Turawan Ingila masu wannan suna, wanda shi ma mai niƙa yake nufi.