Wane benci ya kamata a saya wa filin shaƙatawa?

Tambaya: Malam, ina cikin kwamitin da ke kula da wani filin shaƙatawa a cikin birni, an ɗora mana alhakin sayen bencuna. Wasu sun ce na roba, wasu na siminti, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da katako. Wanne ne ɓarnarsa ga muhalli ba ta da yawa?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ku tambayi mai sayarwa da me aka yi bencin, ku tambaye shi shekara nawa zai yi, kuma in ya lalace ko yana gyaruwa. Yawancin illar benci ga muhalli tana aukuwa tun kafin a kafa shi, wajen sare itace, narka ƙarfe, gasa siminti da jigila. Duk lokacin da kuka sauya shi, kun maimaita wannan ɓarnar.

Ina tare da ke a kan katako, amma da sharaɗi. A nemi wanda ke da shaidar FSC, hukumar da aka kafa a 1993 don tantance dazuzzukan da ake sara bisa ƙa'ida. A guji itacen ipe na Kudancin Amurka: saransa ya yi yawa har a 2022 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta sa shi cikin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido. A tambayi maganin gara da aka jiƙa katakon da shi, domin tsohon maganin CCA na ɗauke da gubar arsenik, kuma Amurka ta daina amfani da shi a katakon gidaje tun ƙarshen 2003.

Sannan ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashin bencin. In falankin an ɗaure su da noti a kan ƙafafun ƙarfe, madalla: ɗaya ya ruɓe, kafinta ya kwance ya sa sabo. In an yi walda ko an zuba shi dunƙule guda, tsagewa ɗaya sai bola.

Siminti na daɗewa, sai dai masana'antarsa na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. Robar da aka sake sarrafawa ba ta ruɓewa, gara ba ta cinta, amma takan lanƙwashe a zafi in ba ta da ƙarfe a ciki. Ko wanne kuka zaɓa, ku kafa shi a inuwa, don bencin da rana ta gasa ba mai zama a kai.

Tambaya: Bencin sola mai cajin waya fa?

Amsa: 'Yar'uwa, sai in akwai mai kula da shi. Batir kan mutu tun bencin na da sauran ƙarfinsa, ya koma shara mai guba. Ku sa a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai canza batirin da inda za a kai tsohon, in ba haka ba ku sayi benci zalla.